MAGUNGUNAN ƘARIN JINI DA BITAMIN: NA GASKIYA DA NA CIN KUƊI

Daga Wakilinmu na Arewa

DUK ɗan Arewa mazaunin Kurmi wanda ya saba bin hanyar Lokoja in zai je ganin gida, ya san garin Yangoji ko da bai taɓa sauka a cikinsa ba. Garin yana bakin babban titi ne tsakanin Abaji da Kwali, a cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, kuma yana ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Kwali wadda aka ƙirƙiro a shekarar 1996. Kamar sauran ƙasar Kwali, wuri ne na zaman cuɗanya tsakanin Gbagyi, watau Gwarawa, da Bassa da Ganagana da Hausawa da Fulani, kuma yawancin jama'a manoma ne na doya da masara da dawa da rogo da riɗi.

In Salla ta gabato, manyan motoci daga Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal su kan ratsa garin dare da rana, maƙare da mutane da tsaraba. A cikin tsarabar nan, tare da atamfa da sabulu da goro, ba a rasa kwalabe da kwalaye na maganin ƙarin jini, da na ƙarin ƙarfi, da na ƙiba, waɗanda magidanci ya saya da kuɗin guminsa domin iyali su sha su yi kyan gani. Wasu a kemis aka saye su, wasu a tasha, wasu kuwa a cikin motar ma, daga hannun mai talla wanda ya miƙe tsaye ya lissafa cututtuka goma sha biyu ya ce kwalba ɗaya ta ishe su.

Alhali kuwa a Yangojin nan, da sauran mazaɓun ƙasar nan baki ɗaya, ma'aikatan lafiya su kan fito sau biyu a shekara da wani ɗan kafso wanda masana suka gwada, suka tabbatar yana hana yara mutuwa, kuma kyauta ake ba da shi. Amma binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 45 cikin 100 ne kawai na yaran da suka cancanta suka sami kafson a cikin wata shida kafin binciken. Watau ana kashe kuɗi wajen abin da ba a tabbatar ba, an bar wanda aka tabbatar yana jiran masu karɓa.

ASALIN BITAMIN

Kalmar bitamin ba tsohuwa ba ce. Wajen shekarar 1890 wani likita mutumin Holan mai suna Christiaan Eijkman, wanda ke aiki a tsibirin Jaba na ƙasar Indunisiya ta yau, ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa wadda aka surfe tas suna kamuwa da shanyewar ƙafafu, amma da an mayar da su kan shinkafa mai dusa sai su miƙe. Daga nan aka fara gane cewa akwai wani abu ɗan ƙanƙane a cikin abinci wanda ido ba ya gani, ciki ba ya jin nauyinsa, amma in babu shi jiki ya kan lalace. A shekarar 1912 wani masani ɗan ƙasar Folan, Casimir Funk, wanda ke aiki a birnin Landan, ya raɗa wa irin waɗannan abubuwa sunan da ya zama bitamin.

Bayan bitamin akwai sinadarai na ƙasa waɗanda jiki ke bukata, kamar sinadarin ƙarfe mai gina jini, da aidin, da zink, da kalsiyam mai gina ƙashi. Abin da jiki ke nema daga cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Aidin ɗin da babban mutum ke bukata a yini bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba, na tsawon rayuwarsa duka kuwa bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Saboda haka mutum ya kan ci tuwo ko sakwara ko gari ya ƙoshi dam, amma jikinsa yana cikin wata irin yunwa wadda ba ta sa ciki ƙugi.

Irin wannan yunwa ta yi yawa a Nijeriya. Binciken nan na 2018 ya sami ƙarancin jini a jikin kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar, da kashi 58 na matan da ke shekarun haihuwa. Yara kashi 37 cikin 100 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma da aka sake binciken a 2023 zuwa 2024 adadin ya hau zuwa kashi 40. Abin ya fi tsanani a jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas, watau garuruwan da yawancin masu karanta wannan shafi suka baro iyalansu.

SHUƊIN KAFSO DA JA

Hausawa sun daɗe da sanin dundumi, inda magariba na yi sai yaro ko mai ciki su shiga laluben bango. Dundumi alama ce ta farko ta rashin bitamin A. In abin ya yi nisa, farin ido ya kan bushe, baƙin ido ya yi gyambo, musamman in ƙyanda ta faɗo wa yaron, daga nan sai makanta wadda ba ta da magani.

Da can likitoci sun ɗauka ɓarnar ta tsaya ga ido ne kawai. Wani likitan ido na Amurka, Alfred Sommer, shi ne ya gano cewa yaran da ke da dundumi sun fi sauran mutuwa da gudawa da ƙyanda. Ya shirya gwaji a ƙauyuka 450 na lardin Aceh a tsibirin Sumatra, aka riƙa ba yaran wasu ƙauyuka kafso ɗaya duk wata shida, wasu kuwa ba a ba su ba. Da aka bayyana sakamako a 1986, sai aka ga mutuwar yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙauyukan da aka ba da kafson. Masana da yawa ba su yarda ba da farko, sai da aka maimaita gwajin a wasu ƙasashe, har da Gana. Lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kai shi ne, a wuraren da ake fama da rashin bitamin A, kafson yana rage mutuwar ƙananan yara da kashi 12 zuwa 24 cikin 100.

Kafson iri biyu ne. Shuɗi na jarirai ne 'yan wata shida zuwa wata goma sha ɗaya, ja kuwa, wanda ya ninka shuɗin ƙarfi, na 'yan shekara ɗaya ne zuwa biyar. Ma'aikaciya ta kan yanke wutsiyar kafson da almakashi ta matse man a bakin yaro, shi ke nan sai bayan wata shida, domin hanta tana adana shi tana ba jiki a hankali. Ƙasar Kanada da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, su ne suka daɗe suna samar da shi kyauta. Tun shekarar 2010 Nijeriya ta keɓe Makon Lafiyar Uwa da Jariri da Yara, sau biyu a shekara, wajen watan Mayu ko Yuni da kuma wajen Nuwamba ko Disamba, inda ake ba da kafson tare da maganin tsutsar ciki da allurar rigakafi da awon damtsen yaro.

To, matsalar ita ce, a gari irin Yangoji makon farko ya kan zo daidai da lokacin da aikin gona ya kankama, na biyu kuma daidai da kaka, lokacin da uwa tana gona ko tana bakin titi da tulin doya. A garuruwan can Arewa kuwa, sau da yawa mace ba ta fita sai da izinin miji, mijin kuwa yana Agege ko Mil Tuwalif ko Sabon Badun. Kiran waya ɗaya daga gare shi, da izini da kuɗin babur, ya fi wa yaron amfani bisa kwalba uku ta tsaraba.

MAI CIKI DA ƘWAYOYIN AWO

Mace mai ciki jininta ya kan ƙaru domin ya ishe ta da abin da ke cikinta, saboda haka bukatarta ta sinadarin ƙarfe ta kan hau fiye da abin da tuwo da miya za su iya biya. Wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita sai ya kai ta kushewa. Domin haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe a kowace rana, tare da folik asid, tun daga farkon ciki har haihuwa. Su ne 'yan ƙwayoyin nan da ake bayarwa a wurin awo.

Shi folik asid, wata likita 'yar Ingila mai suna Lucy Wills ce ta buɗe hanyar gano shi a 1931, sa'ad da take binciken ƙarancin jini a jikin mata masu ciki, matalauta, a birnin Bombay na Indiya. Bayan shekara sittin, a 1991, wani babban gwaji da Ingila ta jagoranta ya nuna cewa yana rage haihuwar jarirai masu ɓarakar ƙashin baya ko nakasar ƙwaƙwalwa da kashi 72 cikin 100 a wurin matan da suka taɓa haihuwar irinsu. Sai dai ƙashin bayan ɗan tayi ya kan gama rufewa ne a cikin kwana 28 na farko, kafin mace ta tabbatar ma tana da ciki. Ke nan amarya da duk wadda ke sa ran ɗaukar ciki ya kamata su fara tun kafin a kai ga awo.

A binciken 2018, kashi 31 cikin 100 ne kawai na mata suka sha ƙwayar ƙarin jini har kwana casa'in ko fiye a cikinsu na ƙarshe. Wasu su kan daina domin tana sa tashin zuciya ko taurin bayan gida, ko kuma su tsorata da ganin bayan gida ya yi baƙi, alhali wannan baƙin ba cuta ba ne, sauran sinadarin ne ke fita. Shan ƙwayar bayan cin abinci ko da dare ya kan rage tashin zuciyar. Wasu kuma sun gaskata jita-jitar cewa ƙwayar tana sa jariri ya yi girman da ba zai haifu ba. Abin da take yi shi ne rage haihuwar jariri ɗan tsurut wanda bai kai nauyin da zai rayu da sauƙi ba. A 'yan shekarun nan an fara shigo da wata sabuwar ƙwaya mai haɗe da sinadarai 15 a wuraren awo na jihohi da dama, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin magunguna na tilas a 2021. Wadda aka ba wannan ba ta bukatar haɗawa da tsohuwar, sai in likita ya ce.

Na uku a jerin abubuwan da aka tabbatar shi ne zink. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce yaron da ke gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, sa'an nan a haɗa masa da ƙwayar zink, miligiram 20 kullum har kwana goma zuwa goma sha huɗu, jaririn da bai kai wata shida ba kuwa rabin haka. Yana rage kwanakin gudawar, yana kuma kare yaron daga sake kamuwa har wata biyu zuwa uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne daina bayarwa da zarar gudawar ta tsaya.

GISHIRI DA MAI DA SUKARI

Dattawa a yankunan tsakiyar ƙasar nan masu duwatsu sun san lokacin da maƙoƙo ya zama ruwan dare, musamman a wuyan mata. Rashin aidin a ƙasar noma da ruwan sha shi ke kawo shi, kuma ɓarnarsa mafi muni ba a wuya take ba, a ƙwaƙwalwar ɗan tayi take. A 1993 Gwamnatin Tarayya ta wajabta sa aidin a duk gishirin da za a sayar domin ci. A lokacin kimanin mutum ɗaya cikin biyar na fama da maƙoƙo. Cikin shekara goma adadin ya faɗo ƙasa da ɗaya cikin goma, kuma a 2005 aka amince da Nijeriya a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta cim ma burin sa aidin a gishirinta. Babu wanda ya sayi kwalba, babu wanda ya sha ƙwaya. Sai dai aidin ba ya son rana da laima, don haka gishirin da aka baza a faranti a kasuwa, ko aka bari a buɗe kusa da murhu, ƙarfinsa ya kan ragu.

A 2002 kuma aka wajabta sa bitamin A a fulawa da sukari da man girki na kamfani, aka ba su tambari mai siffar ido a jikin leda ko galan. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, wanda ba a san kamfaninsa ba kuma ya yini a rana, babu tabbacin yana ɗauke da shi. Masana aikin gona su ma sun shigo ciki. A watan Disamba na 2011 aka fitar da irin rogo mai launin ɗorawa, mai ɗauke da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, aikin cibiyar binciken noma ta IITA da ke Badun da ta Umudike. Daga baya aka sami masara ruwan lemo, wadda cibiyar Samaru ta Zariya ke da hannu a cikinta, da dankali mai jan ciki. Ƙasa irin ta Kwali, mai noman rogo da masara, tana cikin wuraren da irin nan zai fi amfani.

DARASI DAGA JOS DA MARAƊI

Abin da ya bambanta aikin masana da na mai talla shi ne, masana su kan gwada, kuma su kan karɓi sakamako ko da ya saɓa wa abin da suka karanta. Littattafan likitoci na Turai sun ce lanƙwashewar ƙafafun yara, gwame da ƙafar baka, daga rashin bitamin D take, wanda fata ke samu daga hasken rana. To, ina rashin rana a Nijeriya? Likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, tare da Dokta Tom Thacher, suka ɗauki yara 123 masu wannan larura suka raba su kashi uku, suka bi su har mako 24. Sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna cewa cikin waɗanda aka ba bitamin D kaɗai kashi 19 cikin 100 ne suka warke, waɗanda aka ba kalsiyam kuwa kashi 61. Ashe abincin yaran ne babu nono, babu kifi mai ƙashi, sai hatsi zalla. Da an bi abin da ke cikin littafi, da an yi ta sayen maganin da ba shi ne ba.

A Maraɗi kuwa, cikin yunwar 2005, Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta yi amfani da wani abinci na leda wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, haɗin tunkuzar gyaɗa da madarar gari da mai da sukari da bitamin. A shekarar ta yi jinyar yara masu tamowa fiye da 60,000 a Jamhuriyar Nijar, yawancinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawa a ɗakin uwayensu suka warke ba tare da an kwantar da su ba. Ledar nan magani ce ta yaron da awon damtsensa ya faɗa ja, watau ƙasa da santimita 11 da rabi. Abin takaici, an sha ganinta a kasuwannin Arewa manya suna saya suna lasa, alhali a wata shidan farko na 2025 kaɗai ƙungiyar ta ce yara 652 suka mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina.

INDA AMFANI YA ƘARE

Duk abubuwan da aka ambata suna aiki ne domin jiki ya rasa su. Wanda bai rasa ba, ƙari ba ya ƙara masa kome, wani lokaci ma cuta ne. A ƙasar Finlan an gwada wani sinadari dangin bitamin A a kan maza 29,000 masu shan taba, da fatan zai kare su daga sankarar huhu. Da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga sankarar ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wurin waɗanda suka sha. A tsibirin Pemba na Tanzaniya kuma aka dakatar da wani gwaji na ba yara sinadarin ƙarfe, domin an ga yana ƙara musu haɗari a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa kuma ba a maganinsa. Shi ya sa ake cewa a ba yaro maganin ƙarin jini tare da gidan sauro da gwajin zazzaɓi, ba a raba su. A 2022 kwamitin masana na Amurka ya duba gwaje-gwajen da aka yi, ya ce babu isasshiyar hujja cewa ƙwayar bitamin ta kullum tana kare lafiyayyen mutum daga ciwon zuciya ko sankara.

Bitamin A mai ƙarfi, irin na jan kafso, haramun ne ga mai ciki domin yana iya nakasa ɗan tayi. Ƙwayar ƙarin jini ta uwa, in yaro ya same ta ya haɗiye da yawa yana zaton alewa ce, tana iya kashe shi. Mai amosanin jini, watau sikila, folik asid ake ba shi, ba a ɗura masa sinadarin ƙarfe sai an gwada jininsa. Babban namiji kuwa, mai gadi ko ɗan acaba ko mai turin baro, in ya ga yana haki, tafin hannunsa ya yi fari, ya kamata ya nemi ta inda jinin ke tafiya: zazzaɓi, ko tsutsar ciki, ko tsargiya, ko basir mai jini, ko gyambon ciki. Shan kwalba bayan kwalba ba tare da toshe ɓarakar ba, ɗiban ruwa ne da kwando. Haka nan lemon malt da madarar gwangwani, wanda aka ɗauka yana ƙara jini, sukari ne ya fi yawa a cikinsa.

Mafi haɗari su ne waɗanda ake sayarwa da sunan abinci ko ganye alhali akwai maganin asibiti a ɓoye. Ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe yawanci haɗi ne na maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki da wani magani mai ƙarfi da ake kira deksametason. Kumburin fuska da taruwar ruwa yake kawowa, ba ƙibar lafiya ba, kuma a bayansa akwai hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Hukumomi a ƙasashe da dama sun sha kama magungunan ƙarfin maza da aka ce na itatuwa ne zalla, aka sami sinadarin Viagra a ciki, wanda ke iya faɗar da jinin mai shan wasu magungunan zuciya nan take.

LAMBAR HUKUMA

Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, an kafa ta a 1993, kuma jama'a sun fi saninta tun zamanin marigayiya Dora Akunyili wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008. Doka ta hana tallar magani a mota ko a tasha ko a faranti. A 2024 an tashi 'yan kasuwar magani na Sabon Garin Kano zuwa sabuwar cibiya a Dangwauro, a watan Fabrairu na 2025 kuma hukumar ta rufe kasuwannin magani na Idumota a Ikko da na Anacha da na Aba na wani lokaci, ta kwashe jabu da waɗanda wa'adinsu ya ƙare.

Duk da haka ya kamata mai saye ya san iyakar lambar. Magungunan gargajiya da yawa lambarsu ta kan ƙare da harafin L, ma'anarta kuwa an duba an ga ba guba ba ne, ba wai an tabbatar suna warkar da abin da aka rubuta ba. Shi ya sa doka ta ce a rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wanda ba ya karanta Turanci ya nemi a karanta masa wannan layi, da ranar ƙarewar wa'adi, kafin ya zaro kuɗi. Matambayi ba ya ɓata.

ABIN DA KE CIKIN TUKUNYA

Mazaunin Kurmi yana zaune a kan wata dukiya da bai cika lura da ita ba, watau manja. Jan manja wanda ba a soya shi har ya yi fari ba yana cikin abincin da suka fi kowanne wadatar abin da jiki ke yin bitamin A da shi, kuma ya fi araha a Kudu. Galan ɗaya na manja mai kyau, da busasshen kifi ƙanana waɗanda ake dakawa da ƙashinsu, da wake, tsaraba ce da ta fi kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba. A gida kuma akwai zogale da rama da alayyafo da kuka da kabewa da gwanda da mangwaro, ga daddawa da gyaɗa da riɗi da nono. Hanta ko ƙwai ko sau ɗaya a mako ya kan yi wa yaro aikin da ba a zato.

Shi kansa ɗan ci-rani, wanda ya kan karya da shayi da burodi ya yini da gari, ya sani cewa shayi mai kauri yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abincin da aka sha shi a kai. Gara a bar tazarar sa'a guda tsakaninsu. Lemo da tumatir da gwaba kuwa taimaka wa tsotsar suke yi, musamman in an ci su tare da wake ko ganye.

Masu iyali a Yangoji da Kwali da Abaji suna da ƙananan asibitocin sha-ka-tafi a kusa, da Babban Asibitin Kwali, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada in abin ya fi ƙarfin na kusa. Waɗanda iyalansu ke tare da su a Kudu, su ma ana yin Makon Lafiyar Uwa da Yara a jihohin da suke zaune, kuma ba a tambayar yaro asalin jiharsa kafin a matse masa kafso. Sarakunan Hausawa na zango-zango da limaman masallatan Juma'a za su yi babban taimako in suka riƙa neman ranakun daga ofishin lafiya na ƙaramar hukuma suna sanar da jama'a bayan salla, kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure da suna.